Firigo Mai Wuya

Ran da aka yi gwanjon kayan otal ɗin bakin tasha,
Sosu ya sayi firigo mai wuya,
dogon wuyan ƙarfe da famfo a kai, kamar zalɓe a bakin tabki.
Jaki ya ja shi a amalanke har Sabon Gari.
Jika arba'in. Ya ce ya yi arha.
Na ce sai mun buɗe cikinsa.

Ni mai gyaran firigo ne, ba na sha.
Ya sani.
Shekara ashirin da shida yana dafa wa baƙi abinci a Damagaram,
bai taɓa miƙo mini ƙoƙo ba,
ni ma ban taɓa yi masa wa'azi ba.

Muka buɗe.
Warin tsohuwar giya ya tarye mu tun daga ƙofa,
kyankyasai suka watse kamar an tashi kasuwar Dole,
tiyo ya yi ja, haƙorin mai cin goro.
Mutari, yarona, ya toshe hanci da wuyan riga.

Ga inda gizo ke saƙar:
bakin da kamfani ya ƙera
tulun kamfani kawai ya sani,
shi kuwa Sosu tasa yake dafawa, da dawa, a bayan ɗaki,
ya ɗura a tulunan ƙarfe biyu
da ɗansa ya aiko masa daga Kwatano.
Kowane da nono biyu,
ɗaya iska ta shiga, ɗaya ruwa ya fita.
Hular wani ce a kan wani.

Na yanke tiyo.
Na kwance bakin kamfani na jefa a akwati.
Sabon tiyo ya ƙi hawa, muka tsoma shi a ruwan zafi,
ruwan da aka saya da safe wajen mai kura,
Sosu yana ƙirga kowane ɗigo da ido.
Zoben roba ɗaya ya ɓace,
Mutari ya yanko wani daga tsohuwar tayar keke.

Muka ɗaura tukunyar gas,
allurar agogo ta miƙe, ta yi rawa, ta koma kwance.
Akwai inda yake shaƙa.
Na shafa kumfar sabulu gaɓa gaɓa
har wata gaɓa ta hura ƙwai, ta tona kanta.
Rabin juyi da sifana. Shiru.

Sosu ya ja famfo.
Kumfa.
Ya sake ja. Kumfa, fara fat, har gwiwar hannu.
Ya zagi firigo da yaren garinsu.
Na ce hanya ce ta yi gajarta,
abin da ya fito da gudu ba ya zuwa da hankalinsa.
Na ƙara kamu shida na tiyo,
na naɗe shi kamar gammo a kan tulu.

Sai wuta ta ɗauke.

Muka zauna gindin dogon yaro.
Na yi la'asar a kan buhun dawa,
ya kashe rediyonsa har na sallame.
Duwatsun Birni suka fara huce zafin yini
kafin injin ya yi tari ya kama.

Wannan karon ta sauko a natse,
ja kamar ƙasar tukwane, da ɗan farin rawani.
Ya ce, ta yi sanyi?
Na taɓa kofin da bayan hannu.
Iyakata ke nan.

Da zai biya ni ya nuna tulu na biyu:
lemun citta ne, Afiwa ta dama da asuba.
Ka huda masa nasa famfon, in ji shi,
da tiyon da bai taɓa ganin komai ba.

Ni na huda, ni na ɗaura, na san hanyarsa.
Na sha kofi biyu, Mutari ya sha huɗu.

Bakin kamfani yana nan a akwatina har yau,
cikin ƙusoshi.
Ban san me zan yi da shi ba.